Neman shawara kan horon ƙwarewa a fannin tiyata bayan hidimar ƙasa

Sabon Likita:
Assalamu alaikum. Na kammala shekarar sanin makamar aiki, kuma saura wata huɗu in gama hidimar ƙasa. Burina in ƙware a fannin tiyata, amma na rasa jarrabawar share fagen da zan fara rubutawa, ta Kwalejin Ƙasa da ke Ijanikin a Legas ko ta Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma. Sannan jiharmu tana ɗaukar nauyin likitocinta su je horo a asibitin koyarwa na tarayya. Shin in bi ta wannan hanya, ko in jira asibitin da kansa ya buɗe ɗaukar likitoci?

Babban Rajistara (likitan da ke matakin ƙarshe na horon ƙwarewa):
Wa alaikumus salam, Likita. Da takardar kowace daga cikin kwalejojin biyu ana naɗa mutum kwansaltan, wato babban likitan da ya gama ƙwarewa, a Najeriya, saboda haka idan aljihu ya yarda ka rubuta duka biyun, kuma ka yi hakan tun ilimin sassan jiki da na cututtuka bai gushe maka ba. Sau biyu ake yin jarrabawar a shekara.

Abin da ya fi wannan muhimmanci, wanda ƙannenmu ba su cika tambaya ba, shi ne ko kwalejin ta tantance sashen da za ka shiga, domin sashe-sashe ake tantancewa, kuma amincewar tana da wa'adi. Ni kaina na yi wata tara a wani sashe ina aikin kwana, ina riƙe wa manya ƙarfen buɗe ciki har hannuna ya sage, daga baya aka ce amincewar sashen ta ƙare, dole na nemi wani asibitin na maimaita zagayen. Ka kuma riƙa kai littafin ayyukanka kwansaltan ya sa hannu a ranar da aka yi tiyatar. Wanda ya bari sai dab da jarrabawar mataki na ɗaya, wadda ke biyo bayan ta share fage, zai sha zarya a ƙofar ofisoshi.

Likitar Yara:
Game da ɗaukar nauyin jiha, Likita, gurbin ya fi sauƙin samu, amma albashinka daga jiha zai riƙa fitowa alhali aikinku ɗaya da na abokanka ma'aikatan tarayya, kuma za ka sa hannu cewa za ka dawo ka yi wa jihar aiki. Dokar horon ƙwarewa ta 2017 ta tanadi kuɗin tallafin jarrabawa da kwasa-kwasai, sai dai ba kowace jiha ce take biya ba, abin da ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa, wato NARD, ta daɗe tana kokawa a kai. Ka karanta yarjejeniyar da kyau, musamman yawan shekarun da za ka yi musu bayan ka gama.

Sabon Likita:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan yi rajistar jarrabawar da ta fi kusa, sannan in je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, da Asibitin Malam Aminu Kano in tambayi matsayin sashen tiyata kafin in kai takarduna ma'aikatar lafiya.