Wace na'urar gano ƙarfe ce ke jure jiƙaƙƙen yashin bakin teku?

Ɗan Agege: Salamu alaikum jama'a. Ina Legas, ina so in sayi na'urar neman ƙarfe don bakin tekun Lekki, wajen jiƙaƙƙen yashin nan da ruwa ke bari idan ya ja baya. Ba ma'adini nake nema ba, zobba da sarƙoƙin da masu wanka ke zubarwa ne. Na ari ta wani abokina, a busasshen yashi lafiya lau, amma da na matsa inda ya jiƙe sai ta kama ƙara ba ƙaƙƙautawa. Abin da ke hannuna bai wuce naira miliyan ɗaya ba. Wace na'ura zan saya, Nokta Legend ko Equinox 800?

Mai Goro: Sayi Gold Monster 1000 ka huta. Ita 'yan haƙar zinare ke riƙewa a wajenmu.

Injiniya Fatakwal: Malam Mai Goro, bakin teku fa ya ce. Gold Monster mitar sigina (frequency) ɗaya gare ta, 45 kHz, an yi ta ne don ƙananan gutsattsarin zinare a tudu. Ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki, to na'ura mai mita ɗaya, musamman mai tsananin ji irin wannan, tana ɗaukar gaba ɗayan yashin a matsayin ƙarfe. Abin da ya sami ta abokinsa ke nan. Hanya biyu ce: ko mai mitoci da yawa a lokaci guda, kamar biyun da ya ambata, ko irin da ake kira PI (pulse induction), mai harba sigina bugu-bugu cikin ƙasa. Ita PI gishiri bai dame ta ba, tana kuma zurfi, sai dai ba ta iya ware ƙusa daga zobe. Duk abin da ta ji sai ka tona.

Ɗan Agadas: Ɗan'uwa, kafin zancen wace iri, tambayi wa zai sayar maka. A 2014 da zinare ya ɓulla a Jado, can arewacin Nijar, na sayar da babur ɗina da rabon gonata, na sayi inji hannun wani dillali. Kwali sabo, leda, takarda, har da lambar jiki. Muka keta Sahara, ruwan sha ma saye ake yi da tsada. Na yi ta yawo inji shiru, na kusa da ni suna tona suna samu. Wani ɗan Sudan ya karɓa, ya ajiye ɗan gutsuren zinare a ƙasa, ya wuce da faifan injin a kai. Ko uffan. Ya buɗe akwatin ya ce jabu ne. Na koma wajen dillalin, ya rantse bai taɓa ganina ba. A 2017 gwamnati ta rufe wurin, ni ko kuɗin mota ban mayar ba. Har yau ƙanena na noma gonar da ta kamata a ce tawa ce.

Hajiyar Nima: Allah Ya mayar da alheri, Malam.

Mai Goro: Amin. Amma kai ma ka yi sake, ba a biyan kuɗin inji sai an gwada shi da zinare a gabanka.

Ɗan Agadas: Kai da ko teku ba ka taɓa gani ba kake ba da shawarar teku, ni za ka koya wa?

Mai Goro: Na ga Tiga, na ga Kainji. Ruwa ai ruwa ne.

Baban Iman: Tiga da gishiri? To Allah Ya kyauta. Ɗan Agege, miliyan ɗaya ba ta kawo Equinox 800 sabuwa. Da ta fito a 2018 dala 899 ce, lissafa da canjin yau, ga kuɗin jigila da kwastan.

Ɗan Dubai: Wannan tsohon farashi ne Alhaji. Tun da Equinox 900 ta fito 800 ta sauko. Zan iya kawo masa ƙasa da miliyan. Yi mini magana ta gefe.

Baban Iman: Ka ji labarin Ɗan Agadas yanzun nan, ga mai "ta gefe" ya iso.

Injiniya Fatakwal: Ni dai na riƙe duka biyun. Legend 'yar Turkiyya ce, ta fi araha, ita da 800 duk suna shiga ruwa zurfin aƙalla mita 3. Sa ta a tsarin bakin teku, ka rage ƙarfin jinta har ta yi shiru. Ragowar kuɗin ka sayi cebur mai huji na bakin ƙarfen da ba ya tsatsa, don ramin jiƙaƙƙen yashi kana tonawa yana rufewa. Kullum ka dawo ka wanke ta da ruwan famfo. Sarƙa kuwa rage buri, siririyar sarƙar zinare siginarta na kusa da ta gishirin, na'urar kan share su tare.

Hajiyar Nima: Ɗana ya yi wannan a Labadi nan Akara. Murfin kwalba cike da roba, sai kwabbai da suka ci tsatsa. Zobe ɗaya na azurfa ya taɓa samu.

Malam na Zaure: Ba wanda ya taɓo hukunci. Zoben da ya faɗi hannun wani tsintuwa ce, sai an yi cigiyarsa shekara guda.

Mai Goro: Malam, a Lekki wa za ka yi wa cigiya? Kifi?

Ɗan Agege: Jama'a, Legend ko 800 ɗin?

Baban Iman: Ina ma za ka shiga da ita tukuna? Bar Beach da muke zuwa kyauta, sabon birnin Eko Atlantic da aka gina a kan teku ya cinye. Bakin tekun Landmark an rushe shi a 2024 saboda titin Legas zuwa Kalaba. Sauran duk katanga da ƙofa: kuɗin shiga, kuɗin ajiye mota, kuɗin kujera. Ranar da masu gadi suka ga ɗan Arewa da inji yana lalube ƙasa, tambayoyin da za ka sha sai sun fi kuɗin ƙofar.

Hajiyar Nima: Labadi ma biya ake yi. Nawa ne kuɗin shiga a wajenku yanzu?