Ɗalibai uku, matakai uku: darasi ɗaya ko kowa da nasa?

Sabon Malami: Assalamu alaikum 'yan uwa makaɗa. Idan mai koyar da jita yana da ɗalibai uku: yaro ɗan shekara 9, dattijon da ya iya gurmi tun ƙuruciya, da wata matashiya da ta yi shekara tana kaɗawa amma kod ɗin F ya gagare ta (kod shi ne haɗin sautukan da ake fitarwa tare idan an danna tsirkiyoyi da yawa lokaci ɗaya), zai haɗa su wuri ɗaya ne ko ya raba?

Mai Tsirkiya Shida: Wa alaikumus salam Malam. Raba su. Amma kafin darasi, duba jitar kowa. Yaron a nema masa ƙarama, girman 3/4, mai tsirkiyar roba, don ta ƙarfe tana cin yatsa, ciwon kuwa shi ke sa yara su daina. Jita mai tsirkiyar ƙarfe kuma, auna tazarar da ke tsakanin tsirkiya mafi kauri da layin ƙarfe na 12 a wuyan jita. Idan ta wuce milimita 3, a kai gyara, ba laifin ɗalibi ba ne. Yaron ya fara da kod ɗin Em, yatsa biyu kawai, sannan kod ɗin Am. Minti 15 kullum ya fi awa biyu ranar Asabar. A yanke masa farcen hannun hagu.

Ɗan Damagaram: Dattijon nan mai gurmi kada ka ɗora shi kan kod tun farko, zai ga kamar ka mayar da shi yaro. Hannunsa na dama ya riga ya ƙware, kunnensa ma haka. Matsalarsa ɗaya: gurmi ba shi da layukan ƙarfe, don haka zai riƙa danna yatsa a kan layin kai tsaye, sautin ya fito a dakushe. Nuna masa ya danna dab da bayan layin. Fara shi da sautuka biyar na Am daga layi na 5, ya fitar da kiɗan da ya saba a tsirkiya ɗaya ko biyu. Jitar Agadas ma a kan waɗannan sautuka biyar take tafiya.

Uwar Kiɗa: Ita 'yar'uwar tamu, F a layi na 1 ne ya fi wuya, domin nan tsirkiya ta fi tauri. Ta koyi shimfiɗa manuniya a kan duka tsirkiyoyi, kamar yadda F ke buƙata, a layi na 5 tukuna, tana ɗan karkata ta gefen ƙashi, babban yatsa a bayan wuya daidai da na tsakiya, ba a saman wuya ba. Kafin ta iya, ta riƙa F mai sauƙi a tsirkiyoyi huɗu na ƙasa, wato mafi siranta. Saka mata manhajar ƙidaya bugu a kan bugu 60 a minti, ta sauya daga C zuwa F duk bugu huɗu. Idan ta yi sau goma babu tangarɗa, a ƙara biyar a kan 60 ɗin. Tsirkiya mai lambar kauri 10 ta fi mai 12 laushi, a canza mata. Lokacin hunturu kuma jitar ta zauna cikin jakarta, don bushewar iska tana tsaga katako.