Wane ne ya fi kowa a lamba huɗu? Gardamar da ta ƙi ƙarewa a fadarmu

Ɗan Birni ya rubuta:

Assalamu alaikum, ƴan'uwa masu bibiyar ƙwallon kwando. Ina rubuto wannan tambaya daga Damagaram, saboda wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a fadarmu ta unguwar Birni, inda muka kwashe kusan mako biyu, kullum sai shayi na uku ya ƙare ba mu cimma matsaya ba. Maganar ita ce wane ne ya fi kowa a cikin waɗanda suka riƙe lamba huɗu a gasar NBA ta Amurka, wato matsayin da su ke kira fawa fowad, dogon ɗan wasa mai ƙarfi wanda ke tsayawa kusa da kwando tare da lamba biyar, yana kama rebon (wato ƙwallon da aka jefa ba ta shiga kwando ba ta dawo), yana tsare gida, yana kuma cin maki.

Ni dai Karl Malone nake gabatarwa, domin ya tara maki 36,928 a rayuwarsa ta wasa, abin da ya sa har yau LeBron James da Kareem Abdul-Jabbar ne kaɗai suka fi shi, kuma an zaɓe shi gwarzon kakar wasa sau biyu, a 1997 da 1999. Abokaina sun ce wanda bai taɓa ɗaga kofi ba bai cancanci a fara ambatar sunansa ba. Shin da me ya kamata a auna, da yawan maki, ko da yawan kofuna, ko kuwa da wani abu daban? Ina roƙon manya da suka riga mu kallon wannan wasa su raba mana gardama.

Tsohon ɗan wasa daga Zango ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Zan faɗa maka ra'ayina ba tare da kwana-kwana ba: Tim Duncan ne, kuma tazarar da ke tsakaninsa da na biyu ba ƙarama ba ce.

Ƙungiyar San Antonio Spurs ta ɗauke shi a matsayin zaɓi na farko a 1997, ya yi mata wasa kaka 19 har ya yi ritaya a 2016, kuma a duk waɗannan shekarun babu kaka ɗaya da ta kasa kaiwa wasannin fitar da gwani. Ya ɗauki kofi biyar, a 1999 da 2003 da 2005 da 2007 da 2014, na farko yana matashi kusa da David Robinson, na ƙarshe yana da shekara 38, lokacin da gwiwoyinsa suka riga suka gaji. Abin da nake so ka lura da shi shi ne abokan wasansa sun yi ta sauyawa, salon ƙungiyar ma ya sauya daga wasan sannu a hankali zuwa na saurin miƙa ƙwallo, amma ginshiƙin gidan bai sauya ba. Idan kana da data a wayarka, nemi wasa na shida na ƙarshen gasar 2003 da New Jersey Nets ka kalla da idonka: maki 21, rebon 20, ya miƙa ƙwallon da aka ci sau 10, ya kuma tare jifa sau 8. A wancan lokacin Tony Parker yaro ne, Manu Ginobili kuma shekararsa ta farko ke nan, Robinson kuwa yana kan hanyar ajiye wasa, saboda haka ba za a ce a kafaɗar wasu ya hau ba.

Dalilin da ya sa matasa ba sa son ambatarsa shi ne wasansa ba ya da armashi ga mai neman kallo. Yakan juya wa kwando baya, ya ɗan matsa, ya buga ƙwallo a jikin allo ta faɗa ciki, ya koma gida ba tare da ya ɗaga murya ba. Ni da na yi wasa a wannan matsayi a filin makarantarmu, ina tabbatar maka cewa tsayuwa a daidai wurin da ya dace kafin abokin hamayya ya iso ta fi tsalle wuya.

Game da Malone kuwa, ba na raina shi, domin ƙarfin jikinsa da rashin fashin wasa abin a yaba ne. Sai dai ya kai wasan ƙarshe sau biyu tare da Utah Jazz, a 1997 da 1998, Michael Jordan da Chicago Bulls suka mayar da shi gida, ya sake zuwa tare da Lakers a 2004 Detroit ta doke su. Kuma kada ka manta kusan dukan rayuwarsa ta wasa John Stockton ne ke ajiye masa ƙwallo a hannu, mutumin da babu wanda ya kai shi yawan miƙa ƙwallon ci a tarihin gasar.

Malamin wasanni daga Sabon Gari ya amsa:

Yayana na Zango ya yi bayani mai gamsarwa, amma ina da ja a wurare biyu. Na farko, anya Duncan lamba huɗu ne na gaskiya? Bayan Robinson ya yi ritaya a 2003, mafi yawan aikin da yake yi na lamba biyar ne, shi ke tsare bakin kwando, shi ke karɓar ƙwallo a can ƙasa, sunan matsayin ne kawai ya rage a takarda. Na biyu, ƙidayar kofuna takan ɓoye rabon da mutum ya samu na faɗawa gida mai tsari. Duncan ya tarar da Gregg Popovich, kuma bai taɓa yin wasa a ƙarƙashin wani mai horarwa ba a gasar.

A ɗora wannan kusa da Kevin Garnett, wanda Minnesota ta ɗauka kai tsaye daga makarantar sakandare a 1995. Sau bakwai a jere, daga 1997 zuwa 2003, ana fitar da ƙungiyarsa a zagayen farko, kuma a tsakiyar wannan lokaci hukumar gasar ta ƙwace wa Minnesota damar zaɓen sababbin ƴan wasa na wasu shekaru saboda yarjejeniyar ɓoye da shugabanninta suka ƙulla da Joe Smith, laifin da babu hannun Garnett a ciki amma shi ya ɗauki nauyinsa. Duk da haka ya zama gwarzon kaka a 2004, ya kuma fi kowa rebon kaka huɗu a jere. Da aka mayar da shi Boston a 2007, ƙungiyar da ta ci wasa 24 kacal a kakar da ta gabata ta ci 66, ta ɗauki kofin 2008, shi kuma aka ba shi kyautar gwarzon mai tsaron gida. Na san Ray Allen ma ya zo a shekarar, Paul Pierce kuma yana nan, amma tsaron gidan nan aikin Garnett ne. Mutum mai tsawon mita 2.11 da zai iya bin ɗan ƙaramin mai raba ƙwallo har wajen layin maki uku bai rasa shi ba, wannan shi ne abin da nake koya wa yarana idan na ce musu lamba huɗu. Da a ce an yi musanya, Garnett ya tafi San Antonio, Duncan ya tafi Minnesota, ban san ko yau za mu yi wannan jerin yadda muke yin sa ba.

Ɗalibar jami'a ta amsa:

Malamaina, ku yi mini afuwa in tsoma baki, domin na ga an bar mutum biyu a baya. Dirk Nowitzki, Bajamushen garin Würzburg, ya yi kaka 21 a Dallas ita kaɗai, ya tara maki 31,560, kuma shi ne ɗan Turai na farko da ya zama gwarzon kaka, a 2007. Kofinsa ɗaya ne, na 2011, amma ya same shi ne a kan Miami mai LeBron James da Dwyane Wade da Chris Bosh, bayan ya share Lakers wasa huɗu babu ko ɗaya. Kafin shi, dogon mutum mai mita 2.13 ana tura shi ƙarƙashin kwando ne. Bayan shi, kowace ƙungiya tana neman lamba huɗu mai jifa daga nesa. Idan sauya fasalin matsayin yana cikin ma'auni, to a ba shi haƙƙinsa, ko da yake na yarda tsaron gidansa bai kai na Duncan ko Garnett ba.

Na biyun shi ne Giannis Antetokounmpo, wanda aka haifa a Atina ta ƙasar Girka a 1994, iyayensa ƴan Najeriya ne, kuma ya yi tallar kaya a titi yana yaro. Milwaukee ta ɗauke shi a matsayin zaɓi na 15 a 2013. Ya zama gwarzon kaka a 2019 da 2020, a 2020 ɗin kuma ya haɗa da kyautar tsaron gida, abin da Jordan da Hakeem Olajuwon ne kawai suka taɓa haɗawa a kaka ɗaya kafin shi. Na kalli wasa na shida na ƙarshen gasar 2021 a wayar yayana cikin dare, a kwanakin babbar salla, kowa na barci saboda gajiyar aikin nama. Phoenix ta fara cin wasa biyu, Milwaukee ta rama huɗu a jere, kuma a wannan daren ya ci maki 50, ya jefa 17 cikin 19 na jifar kyauta, shi da aka saba yi wa dariya a kan wannan jifar. Kafin wannan daren, rabon Milwaukee da kofi tun 1971 ne.

Tsohon ɗan wasa daga Zango ya sake amsawa:

Ƴata, kin yi magana mai ma'ana, kuma maki 50 a wasan ɗaukar kofi Bob Pettit ne ya taɓa yin haka a 1958, shi ma lamba huɗu ne, da ya doke Boston. Amma Giannis bai gama rubuta tarihinsa ba, saboda haka a jira shi tukuna. Malam na Sabon Gari kuma, maganar musanya zato ce, ba a auna ta a sikeli, kuma a kofunan 1999 da 2003 da Robinson ke lamba biyar babu shakka a kan matsayin Duncan. Jerina shi ne Duncan, sai Garnett, sai Nowitzki, sannan Malone da Giannis su yi ta ja a kan na huɗu. Charles Barkley, gwarzon 1993, wanda bai kai mita biyu ba amma yake ƙwace rebon daga hannun ƙattai, yana bin bayansu kusa da kusa.

Ɗan Birni ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na janye Malone daga na ɗaya, amma ban yarda a sa shi ƙasa da Nowitzki ba, domin kofi ɗaya bai isa ya share tazarar maki fiye da dubu biyar da kyautar gwarzo biyu a kan ɗaya ba. Yau da dare zan sauke wasan 2003 ɗin in kai fada mu kalla tare, idan wuta ta bari.