Tambaya Kan Awon Tallar Jarida da Inci

Assalamu alaikum. Ina sayar da kayan fata a kasuwar Dole ta Damagaram, kuma ina so in buga talla a wata jaridar Kano. Sun ce da inci ake lissafin kuɗin, wato tsayin inci ɗaya a faɗin ginshiƙin rubutu guda, alhali mu nan da santimita muka saba. Tsayin tallar santimita 10 ne, kusan inci 4 ke nan tunda kowane inci santimita 2.54 ne, kuma na tsara ta kan ginshiƙi biyu, sai na samu 8. Su kuwa 12 suka rubuto mini. Shin ginshiƙansu ne ƙanana har tallar ta ci uku, ko kuwa lissafina ne ya kuskure? Don Allah masana su warware mini kafin in aika kuɗin.