Gwiwar hannu ta goce ta ƙi komawa sai da tiyata: waɗanda abin ya shafa su yi mana bayani

Yayan majinyaci, Unguwar Rimi: Assalamu alaikum. Ƙanena ya faɗo daga babur ya dafa ƙasa da hannu, gwiwar hannunsa ta goce. Likita ya gwada mayar da ita bayan an yi masa allurar barci, amma ba ta zauna ba, shi ya sa ake maganar tiyata. Dangi sun rabu biyu, wasu suna ganin a kai shi wajen mai ɗori. Ina roƙon duk wanda ya taɓa shiga wannan hali ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Wata uwa, Rigasa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ba shi lafiya. Ɗana yana da shekara 11 lokacin da ya faɗo daga bishiyar mangwaro, shi ma aka ja hannun ya ƙi komawa. Da aka duba hoton ƙashi sosai sai aka ga ɗan ƙullutun nan da mutum yake ji a gefen gwiwar hannu ta ciki ya ɓalle, ya faɗa tsakanin ƙasusuwan ya tokare su, kamar yadda tsakuwa take hana ƙofa rufuwa. Likitan ya ce an fi samun haka ga yara 'yan shekara 9 zuwa 14, domin ƙullutun bai gama haɗewa da babban ƙashin ba, kuma ko da ƙarti ne suka taru suna ja, ba zai fito ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙaramin yatsansa da gefen na kusa da shi sun yi dindiris, saboda jijiyar da take ba su ji tana bi ta bayan wannan ƙullutu. An yi masa aiki an mayar da guntun mazauninsa, aka kafe shi da waya, daga baya aka zare ta, jin yatsun kuma ya dawo sannu a hankali.

Makaniki, Panteka: Hajiya, naku ya zo da sauƙi. Ni iyayena wajen mai ɗori suka fara kai ni, aka shafa man shanu, aka jera karare, aka ɗaure hannun a miƙe fiye da wata guda. Da aka kwance sai ya sandare, ko loma ba na iya kaiwa baki, balle in riƙe sifana. A asibiti aka gaya mini cewa ƙashin bai taɓa komawa ba, kuma idan gocewa ta wuce mako 3, nama mai tauri yakan cike gurbin, tsokar bayan damtse ta ƙanƙance, don haka sai an buɗe an share gurbin. An yi mini aikin, yanzu ina ci da hannuna ina kuma sana'ata, amma har yau ba ya miƙewa duka. Ba na raina masu ɗori, sai dai hannunsu ba ya ganin abin da hoto yake gani.

Ma'aikacin gashin ƙashi, Kawo: Abin da nake gani a wajen aiki shi ne, gwiwar hannu ba ta jure dogon ɗauri, shi ya sa ake so a fara motsa ta da zarar likitan tiyata ya ba da izini. Ba sai ta koma yadda take a da ba kafin ta yi amfani, domin lanƙwasa daga digiri 30 zuwa 130 ya isa yawancin hidimar yau da kullum. Ku hana 'yan dubiya murza ta ko lanƙwasa ta da ƙarfi. Akwai likitocin ƙashi a Asibitin Barau Dikko na Kaduna da na Shika a Zariya, sannan ga asibitin ƙashi na Dala a Kano. Malam, ta ƙi shiga ne sam, ko tana shiga ta sake fita?

Yayan majinyaci: Tana shiga ta sake fita, kuma sun ce hoto ya nuna kan ɗaya daga ƙasusuwan sangalin hannu ya fashe, jijiyoyin da suke riƙe gaɓar sun tsinke. Na karanta wa Baba bayanin makanikin Panteka, ya amince a sa hannu a takardar aikin gobe.