Neman Kalmar Hausa: Ledar da ke Nuna Yawan Jinin da Mai Haihuwa ta Zubar

Mai fassara: Assalamu alaikum, malamai. Ina fassara littafin horar da ungozomomi kan zubar jini bayan haihuwa, kuma ranar Litinin za a karɓi aikin, amma kalma ɗaya ta tsaya mini. Turawa suna kiran abin "calibrated drape". Leda ce da ake shimfiɗa wa mace a ƙarƙashinta da zarar jariri ya fito, tana da aljihu mai kama da mazurari wanda aka yi wa layukan awo, jinin ya riƙa gangarawa ciki. Wane suna ya dace da ita?

Malamar jinya: Wa alaikumus salam. A ce "ledar awon jini".

Likita: Malama, "awon jini" a kunnen majinyata yana nufin duba hawan jini ko gwajin ɗakin bincike, saboda haka gara a ce "ledar auna zubar jini". Dole sunan ya ɗauki ma'anar aunawa, domin ƙiyasi da ido yakan rage yawan jinin da ya zuba, har mace ta wuce mililita 500, wato adadin da daga shi ake ɗaukar zubar jinin ya yi yawa, ba a farga ba. A binciken E-MOTIVE da aka wallafa a 2023, wanda ya shafi asibitoci 80 a Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, amfani da ledar tare da ba da magani gaba ɗaya a lokaci guda, wato murza mahaifa da allurar oksitosin mai sa mahaifa ta tsuke da maganin tranexamic acid mai rage zubar jini da ƙarin ruwa da binciken inda jinin ke fitowa, ya rage munanan sakamakon zubar jini da kusan kashi 60 cikin 100.

Malamin Hausa: Ina girmama bayanin Likita, amma ban yarda a sa "leda" a littafin koyarwa ba, domin kalmar aro ce, alhali harshenmu yana da tsarin ƙera sunan kayan aiki, kamar ma'auni da mazurari da maɗauri. Daga "tara" sai mu sami "matarin jini", gajere kuma namu. Har yaushe za mu ci gaba da jingina da harshen wasu?

Malamar jinya: Malam, "asibiti" da "likita" ma aro ne, kuma ba su rage wa Hausa daraja ba.

Malamin Hausa: Waɗancan sun shigo ne tun da daɗewa, Malama. Yanzu ana koyar da Hausa har matakin digiri na uku, don haka abin kunya ne a ce sabon kayan aiki ya zo mu kasa raɗa masa suna.

Ungozoma: Allah ya gafarta Malam, damuwata ba ta kunya ba ce. A rubuce "matari" yana iya fitowa daga "tare", kuma sabuwar ɗaliba ko dangin mai jego za su ɗauka abin yana tsayar da jini ne, su saki jiki. Ledar ba ta tsayar da komai. Aikinta shi ne ta nuna mana lokacin da jinin ya kai mililita 500, ko 300 idan bugun zuciya ya ƙaru ko awon jinin matar ya faɗi, mu fara magani nan take. Dama mata da yawa suna ɗaukar duk jinin da ya biyo haihuwa a matsayin jinin biƙi da ya kamata ya fita, alhali a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zubar jini bayan haihuwa yana kashe mata kimanin 70,000 a kowace shekara. Sunan da zai ƙara kwantar musu da hankali haɗari ne.

Malamin Hausa: Hajiya, na karɓi hujjarki game da "tare", na janye "matari". Sai dai ina nan a kan bakana cewa "leda" ba ta dace da littafi ba. A rubuta "shimfiɗar auna zubar jini".

Likita: Ma'anar ta fita, ko da yake a ɗakin haihuwa "leda" za a ci gaba da cewa.

Mai fassara: Na gode, malamai. Zan sa "shimfiɗar auna zubar jini" a kan babin, in bayyana sau ɗaya cewa ta leda ce, sannan a jerin matakan gaggawa in rubuta "ledar awo" saboda gajartarta.

Malamin Hausa: Ban gamsu da kashi na biyu ba, amma a bugu na gaba sai mu sake duba shi.