Abin da aka tattara kan inabin Touriga Nacional da abincin da ya dace da giyarsa

1. An yarda asalinsa Fotugal ne, a yankunan Douro da Dão aka fi nomansa. 'Ya'yansa ƙanana, fatarsu da kauri, shi ya sa giyarsa ke fitowa ja mai duhu, ga bauri.

2. Baurin nan nama mai maiƙo yake so: gasasshen ɗan akuya, naman rago, ko na shanu da ya daɗe a tukunya.

3. Cukun tumaki na Serra da Estrela, wani yankin duwatsu a Fotugal, shi ma ya dace da giyar, babu mai musu.

4. Saɓanin a kan bacalhau ne, busasshen kifin mutanen Fotugal mai gishiri. Wasu sun ce in an gasa shi da man zaitun da tafarnuwa ya dace, wasu sun ce giyar danne shi take yi. Hujjar na biyun ta fi ƙarfi a ganina.

5. Abinci mai barkono da yawa kuwa, a guje shi.